Mama Fassouma, Mai Gadin Barcin Jarirai

Kowace Asabar, kafin motoci su cika titin Wendover, Mama Fassouma ta riga ta ajiye kujerarta a barandar wata ƙaramar makaranta, inda 'yan Sweden da Norway mazauna birnin Greensboro na Amurka ke kai 'ya'yansu don kada harshen gida ya kuɓuce musu. Shara aka ɗauke ta yi. Gadin barci kuwa, ita ta ɗora wa kanta.

Mutanen nan suna da wata al'ada: ko sanyi na ratsa ƙashi, a waje jariransu ke barci, cikin kekunan turawa, naɗe da ulu. Ranar da ta fara aiki ta tarar da kekunan jere babu mai kula da su, sai ta kwashe jariran kaf ta kai su gindin hitar ɗumama ɗaki tana faɗa, har da Faransancinta na Nijar: "Mais non! 'Ya'yan mutane ne fa, ba kifi ba!" Har yau iyayen na dariyar abin.

Dariya ta tsaya ranar da wata maƙwabciya ta kira 'yan sanda. Suka gargaɗi Solveig, mahaifiyar jaririya Tuva, cewa in aka sake ganin 'yarta a waje ita kaɗai, za a iya raba su. Solveig ta zauna a matakala tana kuka. Ba taurin kai ba ne. Haka uwarta ta kwantar da ita, kuma abin da ya rage mata na gida ke nan.

Ke ce kika dafa ta, Mama, kika ce, "Ita kaɗai suka ce, ko? To, ga ni."

Ke da kika tashi a zafin Damagaram, kika yi shekaru zaune cikin sanyi. Na sha wucewa in gan ki. Numfashin jarirai na tashi fari-fari kamar tururin koko, ganye na saukowa a hankali, kina girgiza keke da ƙafa, kina raira waƙar rarrashi ta garinku, wadda jikokinki ke cewa, "Grandma, stop." Wallahi nakan ji hawaye.

Yanzu gwiwa ta ƙi, likita ya hana ki zaman sanyi. A Asabar ɗinki ta ƙarshe aka zaunar da ke ciki, bakin taga. Tuva, wadda ta zama budurwa, ta fita ta hau kujerarki, ta ɗora ƙafa a kan keke, ta ɗauko waƙar nan da Hausar da ba ta san ma'anarta ba.

Mun gode, Mama Fassouma, Allah ya saka miki da alheri. Duk wanda ya ga baƙo zai rasa ɗan abin da ya rage masa na gida, ya jawo kujera ya zauna.