Turumbar da Ta Iso Ranar Asabar

Ranar Talatar da aka fara yankan riɗi, shekarar da na shiga aji huɗu, ina tsugune a tsakar gidanmu na Gadarif da kwalbar lemo a hannu, bakin tiyo a cikinta, ina jiran fetur ya zubo. Baba ne ya cire tiyon daga kafireta ya miƙo mini, sannan ya ɗaga wa Yaya Usmanu hannu ya murɗa makulli. Injin ya yi ta gurnani har batir ya fara kasala, amma ko ɗigo bai faɗa cikin kwalbar ba. Baba ya ɗora babban yatsa a bakin famfon mai, wanda mu a nan muke kira turumba, bai ji tana zuƙa ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya shinshina, ya ce fetur ya gauraya da shi, ke nan fatar robar da ke cikin turumbar ta yage. Ya faɗi haka da jin daɗin wanda ya gano ciwo. Inna kuwa tana bakin murhu tana yin kisra, siririyar wainar dawa da muke ci a nan, na ga ta bar wadda ke kan wuta ta ƙone.

Motar ja ce, mai kujera biyu, ba ta da rufi, ga ta ƙasa-ƙasa har cikinta na shafar laka. Wani Bagirike mai fataucin riɗi ne ya bar wa Baba ita da zai bar ƙasar, tana gawa, kafin a haife ni. Baba shi ne Usta Haruna na layin makanikai, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne, wanda ya shafe rayuwarsa a ƙarƙashin lori da tarakta, amma wannan jar mota ita ce 'yar lelensa. Shekara da shekaru yana tada ta noti bayan noti. Ruwan da muke ɗebowa daga gangar mai jaki, wanda Inna ke auna mana da moɗa, ita sai an wanke ta da bokiti guda. Idan Baba ya tafi kasuwa mukan ɗare ciki ni da 'ya'yan maƙwabta, mu yi wasan tafiya Makka, wai za mu ƙarasa hanyar da kakanninmu suka taso daga yamma suka tsaya a nan. Yaya Usmanu ne ke yi mana gadi a bakin ƙofa, in ya hango Baba ya yi tari.

To, a waɗannan shekaru ne aka shiga kamen samari. A tasha, a kasuwa, a shingen hanya, sai a sauke yaro daga lori, a aske masa kai, a ba shi horon 'yan makonni, a tura shi yaƙin kudu da sunan jihadi. Biyu sun riga sun tafi daga layinmu. Yaya Usmanu ya gama sakandare, dogo ne, ba inda za a ɓoye shi, wata guda ke nan bai leƙa waje ba. Shawarar da aka yanke ita ce a kai shi Basunda, gonar Kawu Iliyasu, ya ɓace cikin 'yan ƙwadagon yankan riɗi. Lori ba ta shiguwa, don ita ake tarewa. Amma jar mota, in ji Baba, duk wanda ya gan ta zai ɗauka wani babban mutum ne, har ya sara mata. Da asubar Laraba aka shirya tafiya.

Malam Adamu maƙwabcinmu, tsohon direban lori, yana tsaye lokacin gwajin. Ya ce abu mai sauƙi ne, a yi mata ƙarin ruwa. Kowane direban Gadarif ya san wannan dabara: a cika jarka da fetur, a ɗaga ta sama, a sa tiyo kai tsaye zuwa kafireta, mai ya gangaro da kansa. Tun da motar ba ta da rufin da za a ɗaura jarkar, sai a kafa sanda, ko Usmanu ya riƙe a kafaɗa. Na yi tsalle na ce ni ma zan iya riƙewa. Baba ya dubi Malam Adamu kamar ya zage shi. "Malam, wannan ba lorin dawa ba ce," ya ce. "Aikin da za a yi sau biyu, ba a yi shi ba." Wannan maganarsa ce ta kullum, har almajiran garejinsa sun haddace. Ya ƙara da cewa babban mutum ba ya tafiya da jarka a kafaɗa, masu shinge za su gane. Wataƙila da gaskiyarsa a nan. Amma ni na ga fuskarsa, kuma wallahi ba shinge yake tunani ba, kunyar motarsa yake ji. Inna ta ce, "Usta, ɗan ne ko ƙarfen?" Ya ce kwana uku ba shekara ba ce. Ya ba wani direban bas tsohuwar turumbar, ya nemo irinta a Khartum.

Ranar Asabar ina dawowa daga makaranta yaron direban ya tare ni, ya ce saƙon Usta ya iso tasha, a zo a karɓa kafin bas ta juya. Na sheƙa gida da gudu, jakata na dukan baya, ina murna ni ce mai albishir. Baba yana can gona gyaran wata tarakta, Inna ta tafi barkar haihuwa. Yaya Usmanu kaɗai na samu. Na ce in je in karɓo, ya ce ba za su ba yarinya ba. Ya ja kunnena da wasa, ya sa takalminsa, ya ce, "Ke dai ɗora shayi, yanzu zan dawo."

Malam Adamu ne ya shigo da turumbar bayan la'asar, a naɗe cikin jarida. Ya ce an kewaye tashar, an kwashi samari mota biyu, Usmanu ya jefo masa ƙunshin daga bayan mota. Baba ya zaga ofis-ofis kwana biyu, kowa ya ce bai san zancen ba. A rana ta uku ya fito da sifana. Ya goge mazaunin turumbar, ya yanka kwalin shayi daidai bakinta ya sa tsakani, ya saita hannunta cikin injin, ya ɗaure notinta biyu a hankali, kowanne da juyinsa. Ya kira ni in riƙe kwalba. Da yake ba wanda zai murɗa makulli, shi ya zagaya ya murɗa. Fetur ya feso har ya jiƙa mini hannu. Ya mayar da tiyon, injin ya tashi bugu ɗaya, sumul. Na tsane shi a wannan lokacin, kuma na tsani kaina da gudun da na yi. Ya saurari injin kamar minti ɗaya, ya kashe.

Bayan wata bakwai wasu mutane suka zo da buhun sukari da lasifika, suka ce wa Inna kada ta yi kuka, ta yi guɗa, ɗanta ango ne a Aljanna. Ba gawa, ba kabari. Inna ta raba sukarin ga maƙwabta, ba ta bari ko cokali ya shiga shayinmu ba. Daga ranar ba ta ƙara kiran Baba Usta ba, shi ma bai ƙara faɗin maganar aikin sau biyu ba har ya rasu.

Yau 'ya'yana ne ke hawa motar, tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, jan fentin ya koma ruwan tsatsa, kaji na ƙwai a kujerar direba. Su ba su san wasan tafiya Makka ba, kuma ba mai yi musu tari a bakin ƙofa. Bara wani bakanike ya buɗe boneti yana son saye, ya duba ya duba, ya ce komai ya mutu sai turumba, ita kam kamar sabuwa, wanda ya sa ta ya san aikinsa. Na ce masa ƙwarai, ya sani.