Likkafanin da Asu Bai Ci Ba

Duk wanda ya tashi a unguwar masaƙa ta garin Mau ya san Bafati mai yadi. Shagonsa na nan bakin kasuwa, daura da rijiyar masallaci. Mutum ne mai faran-faran, ba ya ƙwange a awo, ba ya rantsuwa a ciniki. Abu guda ne ba ya yi: ko me za ka ba shi, ba zai sayar maka da yadin likkafani ba. In mai makoki ya zo, sai ya sunkuyar da kai ya nuna masa lungun masaƙa da hannu. Baƙi sukan ɗauka tsoron mutuwa ne. Mu 'yan unguwa mun san kunya ce.

Ubansa, Ustaz Shubrati, masaƙi ne ɗan masaƙi. A zaune muke saƙa a nan, ƙafafu cikin rami suna taka itace, hannu na jefa ƙoshiya. Shubrati yakan ce, "Mu ai ranar tamu ba za mu wahalar da kowa ba, tun yanzu rabinmu na cikin rami." A wannan ramin ya zaunar da Bafati tun yana ƙarami, kuma yaron ya iya, ba laifi. Sai dai ransa bai taɓa son sana'ar ba. Ya tsani tsamin ruwan shinkafar da ake shafa wa zare, ya tsani fita wadari, wato jan zaren saƙa, a titi da sanyin safiya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yadda 'yan kasuwa ke faɗin "ɗan masaƙi" kamar zagi. A garuruwanmu duk labarin wawa da za a ba da, masaƙi ne a ciki. Uban yakan yi dariya ya wuce. Ɗan kuwa haɗiyewa yake, abin yana taruwa.

Yana saurayi gwamnatin Turawa ta cire kuɗin fito a kan yadin Ingila. An daɗe ana ja-in-ja a kai. Masu masaƙun inji na Ingila suna kuka wai kuɗin fiton ya tare musu kasuwa, masu na Bambai suna kuka wai in an cire sun mutu. Mu da ke cikin rami ba wanda ya tambaye mu. Da aka cire, sai alawayyo ya cika jiragen ruwa, fari fat, sumul, mai nauyi a hannu, ga araha. Bafati ya ajiye ƙoshiya ya bi keken shanu zuwa Gazifur inda ake sauke dila-dila, ya dawo da turmi biyu a ka. Kafin damina uku ya buɗe shago.

Daga nan gardama ta zama abincin yamma a gindin darbejiyar ƙofar gidansu, inda dattawa ke zagaya tukunyar taba.

"Abba, ku dai ku faɗi gaskiya," in ji Bafati. "Matar mai shara da zane ɗaya take shekara. In ta wanke sai ta zauna a ɗaki har ya bushe. Yanzu tana da biyu. Wa ya ba ta? Kuɗin fiton naku ne?"

"Kai ka ba ta, sarkin tausayi," in ji uban. "Ita kuma matar maƙwabcinka da mijinta ya naɗe masaƙa ya tafi dako Kalkata, nawa ka ba ta?"

"To ni na ce ya tafi? Duniya ce ta juya."

"Duniya ba ta juya kanta, ɗan nan. Hannu ne ya juya ta, kuma ba hannun da ke jefa ƙoshiya ba ne."

Baba Maula, tsohon da ke wankan gawa a unguwar, ya zare bakin tukunyar taba daga bakinsa ya ce, "Ku bar shi. Yaro ya ga fari ya ɗauka nono ne. Araha dai ba ta ado."

Aka yi dariya, har da Bafati. Ni dai ban ce ba shi da gaskiya ba. Talakawa sun sami sutura, wannan ba ƙarya ba ne. Kuma su dattawan da ke zaginsa, rabinsu da zaren Ingila suke saƙa, don shi ya fi sauƙi a kasuwa. Gardama ce da ba ta da gwani, shi ya sa ta yi shekaru ba ta ƙare ba, kuma ba ta taɓa hana uba da ɗa cin gurasa a faranti ɗaya ba.

Akwai wata al'ada tamu. Masaƙi in furfura ta fara fito masa, yakan saƙa likkafaninsa da hannunsa. Ba ya sa ɗa, ba ya sa almajirinsa na saƙa. Shubrati ya yi nasa da zaren da matarsa Najiban ta kaɗa da kanta, mai kauri, irin na talakawa. Najiban ta naɗe shi ta sa a akwatin katako, duk ƙarshen damina ta fito da shi ta shanya, ta sake masa sabon ganyen darbejiya saboda asu. Da shekaru suka ja, yadin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Duk sanda Bafati ya gan shi a kan igiya sai ya kau da kai.

Shubrati ya rasu wata safiyar Alhamis, bayan gajeriyar jinya. A lokacin Bafati ya zama wani abu. Yana da abokan ciniki 'yan Gazifur, manyan mutane masu zobe, kuma ya san wasunsu suna gari, za su zo jana'iza. Kuka yake yi da gaske, don yana son ubansa. Amma cikin kukan ne tunanin ya zo masa: a ce a gaban waɗannan mutane a naɗe mahaifinsa cikin wannan tsumma mai kama da buhun gishiri? Su ce ɗan masaƙi dai ɗan masaƙi ne, ko ya yi arziki? A ganinsa gata zai yi wa tsohon. Mata na ta koke-koke, ya lallaɓa ya buɗe akwatin, ya cusa likkafanin cikin mayafinsa, ya kai shago ya tura ƙarƙashin dila. Ya zaro turmin alawayyo mafi tsada da yake da shi, ya yanke bakin da ke da hatimin zinariya mai hoton damisa, ya haɗo da babban kwalban ruwan wardi.

In an yi mutuwa a unguwarmu ba a taka masaƙa. Kowa ya fito daga raminsa, maza suka cika ƙofar gida, baƙin Gazifur suna gefe a kan gadon igiya. Aka shimfiɗa tabarma don a raba likkafani. Bafati ya ajiye turmin a gaban Baba Maula.

Mutanen da suka yi rayuwarsu da zare a hannu ba sa bukatar hatimi. Baba Maula bai ma taɓa yadin ba, ya ɗago kai.

"Ɗana, ina nasa?"

"Asu ya ci, Baba."

"Asu?"

"Ya cinye. Duk huji ne."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "To, Allah ya ji ƙan mai shi." Ba a gardama a kan gawa. Ya auna da kamunsa, ya ɗan tsaga baki da haƙori. Mu ba ma sa wa likkafani almakashi, da hannu ake yagawa. Wannan Bafati ya sani sarai, amma bai kawo a ransa ba, don a shago kullum da almakashi yake yanka.

Baba Maula ya kama gefe biyu ya ja. Yadin ya yi ƙara, sai wata farar ƙura ta tashi bus, ta bule masa gemu da gira, ta sauka kan gwiwoyin na kusa. Wani ya yi atishawa. Farar ƙasa ce masu injin ke ɗura wa yadin don ya yi nauyi da sheƙi. Duk mai sayar da shi ya san da haka, Bafati ma ya sani, sau nawa yana ce wa mata kada su yi saurin wankewa. Wani dattijo daga baya ya ce, ba da ƙarfi ba, "Tun ba a kai shi ba har an fara zuba masa ƙasa."

Da nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma Bafati ya rikice, shi dai ƙurar kawai yake son kashewa. Aka shimfiɗa ƙyallen a kan wani gadon igiya, ya ɓalle kwalban ruwan wardi, maimakon yayyafi sai ya tuttula. Ruwan ya ratsa, yana ɗiga ƙasa fari kamar ruwan wankin shinkafa. Inda ya jiƙe, igiyoyin gadon suka bayyana ɗaya bayan ɗaya. Baba Maula ya zura hannunsa ƙarƙashin yadin ya ɗaga sama. Daga inda baƙi suke zaune ana ganin yatsunsa har da farce.

"Bafati," ya ce, "mutumin da ya tufatar da rabin garin nan, da wannan za mu rufe masa al'aura?"

Sai ga murya daga bayan labulen zaure, muryar Najiban, wadda maza ba su taɓa jin ta a ƙofar gida ba.

"Yaya Maula, asu bai ci ba. Watan jiya na sake masa ganye. Ku tambayi ɗana inda ya kai shi."

Da ƙasa na tsagewa don kunya, da ta tsage a ranar. Wani ya yi tayin zuwa ya ɗauko, Baba Maula ya ce a'a, wanda ya kai shi ya san hanya. Haka Bafati ya tashi ya bi lungun nan mai tsawo, mata na leƙe ta kan katanga, ba mai ce masa kanzil. Shirun ya fi masa zagi ciwo. Ya janyo likkafanin daga ƙarƙashin dilar Ingila, ya karkaɗe shi, yana ta ƙanshin darbejiya. Bai sake ɓoye shi cikin mayafi ba. A ka ya ɗora shi ya dawo, hawaye na zuba cikin gemunsa.

Da aka yaga na Shubrati, sai da mutum biyu suka kama. Ko ƙura ɗaya ba ta tashi ba. A cikinsa aka kai shi. Baƙin Gazifur kuwa, waɗanda saboda su aka yi duk wannan, ba su ma tsaya an gama rufewa ba, wai suna da kaya a hanya.

Bafati bai rufe shago ba, kada in yi masa ƙarya. Yana da iyali, kuma matar mai shara ba ta daina bukatar zane ba. Ya ci gaba da sayar da yadin Ingila, daga baya ya haɗa da na Bambai. Gindin darbejiya ne bai ƙara zama ba. Uwarsa ta yafe masa tun kafin arba'in, shi ne bai yafe wa kansa ba. Bayan shekaru, da gwamnati ta ga aljihunta ya huje ta maido da kuɗin fito, ta kuma ɗora wani harajin a kan yadin Bambai don kada masu injin Ingila su yi fushi, gardama ta sake tashi a kasuwa. Aka zo har shago ana tsokanarsa. "Mai yadi, yau ba ka da ta cewa? Da kai ne liman a wannan zance." Ya ce, "Na yi magana ta ishe ni," ya ci gaba da naɗe turminsa.

Da furfura ta cika masa kai, wata rana ya sa aka kwashe tarkacen da aka tara a ɗakin saƙar ubansa. Ya share ramin da kansa, ya zura ƙafafu. Hannu ya manta. Zare na tsinkewa, ƙoshiya na faɗuwa, masaƙan da suka rage a lungu suna jin bugun nasa ta katanga suna girgiza kai. Ba wanda ya shiga ya taya shi, don ba a taya mutum wannan aikin. Rani guda ya ɗauka. Abin da ya fito, gaskiya, ba kyau: baki a karkace, nan kauri nan sirara, ƙulli ko'ina. Amma ya jiƙa shi ya ɗaga a rana, bai ga hannunsa ba.

Yana shanya shi a tsakar gida sai ga ɗansa Zahur, wanda ke riƙe da shagon yanzu, saurayi mai tsabta da agogon aljihu. Zahur ya dubi yadin, ya kau da kai.

"Abba, sannu da ƙoƙari. Kawo in ajiye maka a shago, kada asu ya ci."

Bafati ya tsaya da ƙyallen a hannu. Ya san wannan kau da kan, shi ya fara yin sa a wannan tsakar gidan. Bai yi fushi ba, kunyar ce ta dawo masa sabuwa, don sai a lokacin ya gane ashe ubansa yana ganinsa duk sanda ya yi.

Ya auna da kamunsa, ya sa haƙori, ya yaga shi gida uku kamar yadda ake yi, ya fasa wuya a ƙyallen da zai zama riga. Ya naɗe da ganyen darbejiya, ya ɗora a ka, ya nufi ƙofa.

"Ina za ka da shi, Abba?"

"Gidan mai wankan gawa. Can zai zauna."

"Haba Abba! Ni ba ka yarda da ni ba ke nan?"

Bafati ya juyo ya dube shi, ya dafa masa kafaɗa a hankali.

"Kai yaron kirki ne, Zahur, kuma kana so na. Ni ma haka nake son nawa uban."