Farantin Oga

Kwas na mako biyu ma'aikatarmu ta tura mu Turai, ni da daraktanmu. Shi ya sa rai da babban birni, sai ga mu a wani ɗan otal a ƙauye, ba abin da kake ji sai kukan tumaki. Wata tsohuwa ce mai wurin, ita ce girki, ita ce shara. Dokarta ɗaya: baƙi su ci a teburi guda, wanda ya gama ya kai farantinsa kicin.

Oga kuwa a Abuja ko jakarsa bai taɓa ɗauka ba. Zai iya shekara a cikin mota in direba bai zagayo ya buɗe masa ƙofa ba. Takardar ƙarin girmana kuma wata bakwai tana kan teburinsa, sa hannunsa kawai take jira.

Safiyar farko da muka karya, ya turo min farantinsa, ko kallona bai yi ba. Na haɗa da nawa na miƙe. Tsohuwar ta tare ni, ta zare nasa ta mayar gabansa, ta tsaya. Oga ya cika ya yi fam, ya ce min da Hausa, "Haka za ka bari a yi min ko? Ba komai, za mu koma Abuja ai."

Na gane karatun. Nan take na ce wa matar hannunsa na dama ne ke ciwo, ba ya iya ɗaga abu. Ƙarya tsagwaronta. Baiwar Allah ta dafe ƙirji tana ba shi haƙuri. Daga ranar ita ke yanka masa kifi ƙanana-ƙanana, ta shafa masa bota a burodi. Na zaci kunya za ta kashe shi. Ina! Ƙato da shi, Alhaji guda, ya kwashe mako biyu yana cin abinci da hagu, har da ɗan yamutsa fuska, don dai kada ya ɗauki faranti.

Muna dawowa ya sa hannu. Ya miƙo min takardar yana cewa, "Kai yaro ne mai hankali." Shekarata arba'in da shida a lokacin. Na rusuna na karɓa da hannu biyu, na ce, "Na gode, ranka ya daɗe." Har yau ban san wanda na fi rainawa a cikinmu ba.