Hannun da na ɓoye cikin mayafi

Warin na fara ji. Goggona tana kwance tsumman da ta ɗaure mini hannu da shi, sai na ga ta kau da kai tana salati.

Lokacin ina budurwa, ban daɗe da fitowa makarantar 'yan mata ta Sakkwato ba, aka kai ni ɗakin shan magani na Raba ina taimakon malamin asibiti. Ina dafa allurai rishon kananzir ya yi bindiga, wuta ta cinye mini hannun dama. Ko uffan ban ce ba, don an tashe mu da cewa ɗiyar kirki ba ta raki. Na rufe shi da mayafi, na ce wa malam 'yar ƙuna ce, na nemi izinin zuwa gida Wurno.

Na san dokar da Turawa suka kawo: wanda ya ji rauni a bakin aiki ana ba shi wani abu daga albashinsa har ya warke, muddin ya sanar da wuri, likita ya gani. Ni da bakina nakan faɗa wa leburorin hanya. Amma da na gaya wa Baffa, sai ya ce mi za a ce da gidanmu, ɗiya tai ta saida naman jikinta ga Nasara? Abin da Allah ya aiko ba a karɓar ladansa wurin mutum. Aka kai ni Goronyo wurin Goggo, ta yi ta liƙa mini gashin zomo da zuma.

Da ciwon ya ruɓe, Baffan da kansa ya nemo mota, yana hawaye, aka kai ni asibitin Sakkwato. Malamin asibitinmu na Raba da ya zo duba ni ya ce lokacin sanarwa ya wuce, kuma an ɗauki wata a gurbina. Ko a jikina, don na ji ma'aikata suna maganar yanke hannun.

'Yan'uwana mata, in kun ji ciwo a wurin aiki ku yi kuka a ji. Kunya ba ta warkar da ƙuna, ni ta cinye mini aiki da yatsu uku, sun manne har yau. Wannan ma da hagu nake rubutawa, in na ji ƙaurin kananzir sai in bar wurin.

A asibitin nan, ranar wata Laraba da hantsi, likita ya jujjuya hannun, ya ce ba za a yanke ba. Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar asibiti. Ni dai kallon hannun nake, na rasa aikin mi zai yi mini.