Shafi na Goma Sha Tara

Imrana yana cikin saran nama a rumfarsa ta unguwar Milezi, da hantsi, Sakinatu ta kira ta ce zazzaɓin nan ya tafi da mijinta Abdulnasir. Ya ajiye wuƙa, ya zauna a kan kututturen sara.

A wannan rumfa aikin Abdulnasir ya samo asali. Yana saurayi aka ƙunshe masa nama a wata tsohuwar takarda, ya warware ya tarar wasiƙar ajami ce, wani mahajjaci yana gaya wa ƙaninsa guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari. Irin waɗannan mahajjata ne kakanninsu. Daga ranar ya shiga bin gidaje, daga Milezi har unguwar Atrone, yana ɗaukar hoton takardun da gara da ambaliya suka rage, yana adanawa a kwamfuta. Ba ya fita da takarda daga gidan mai ita, ba ya taɓa ta sai da alwala.

Abin da ke ci masa rai shi ne babu wanda ya iya aikin sai shi. Sai ya hau rubuta ɗan littafin koyarwa. Kowane shafi ya gama, yakan kawo wa amininsa Imrana, wanda iyakar karatunsa firamare, ya sa shi wanke hannu, ya ce ya bi rubutun ya yi. In Imrana ya tsaya yana sosa ƙeya, Abdulnasir ya yage shafin ya sake. Imrana kan ce an mai da mahauci zakaran gwajin dafi, shi kuwa ya yi dariya ya ci gaba da gogewa.

Shafi goma sha takwas suka wuce haka. Na sha tara, kan yadda ake raba takardun da ruwa ya manne, sau uku Imrana yana kasawa, ga akwatin takardun wata tsohuwa, Hajiya Kubura, yana jira a unguwar Toukra, damina kuma ta kusa.

Bayan sadakar bakwai Sakinatu ta miƙa masa kyamara da littafin. A ciki ya ga gyara na huɗu na shafin, da rubutu mai rawa. Washegari ya yi alwala ya nufi Toukra, yana tuna zuwansa dubiya na ƙarshe.

“Malam, wannan shafin ya fi ƙarfin kaina,” ya ce masa ran nan.

“Kanka lafiya lau, Sarkin Fawa. Ni ne ban faɗa daidai ba. Ka dawo jibi.”

“To, Allah ya kai mu.”