Idon Alhaji da Hularsa

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har da waɗanda ya kamata in riƙe, amma abin da ya faru da ni a bakin madubin hangen nesa ba zai bar kaina ba sai an rufe ni da ƙasa.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in ne, muna jihar Kaduna tukuna. Ina aiki a wata sakandare tsakanin Funtuwa da Malumfashi, wai ni ne mai kula da ɗakin kimiyya. Sunan ne babba, aikin shara ne da wankin kwalabe. Karatuna a aji biyu ya tsaya, amma hannuna ya iya kayan nan. Malamin kimiyyarmu, wani Kirista mutumin wajen Kafur, har ya sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas Zariya, in na dawo in zama ma'aikacin dindindin mai fansho. Takardar na kan teburin shugaban makaranta, sa hannu kawai take jira.

Akwai wani madubin hangen nesa a ɗakin, dogon bututu mai ƙafa uku. Malam ya koya mini dabarar kallon rana da shi ba tare da an leƙa ba. Sai ka saita bakinsa ga rana, ka riƙe farin kwali a bayansa kamar kamu ɗaya, sai ga rana ta faɗo a kwalin kamar faifai, da wasu baƙaƙen ɗige-ɗige a jikinta. Mutum talatin sa iya kallo lokaci guda. Da ranar taron iyaye ta zo, muka girke shi a filin makaranta da hantsi.

"Gilashin nan tara zafin rana yake yi wuri guda," in ji Malam. "Ko uban waye, kada ya sa ido a nan. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ka ga, laifina na farko ke nan, jin magana.

Jama'a suka yi dafifi. Wani tsoho ya ƙura wa kwalin ido ya ce, "Kai, ashe ita ma ƙuraje gare ta?" Na kusa da shi ya ce, "Haba Baba, kashin ƙuda ne a gilashin." Wata mata ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara nawa tana gasa mu a gona, yau ga ta an kamo ta a takarda!" Ni kuwa sai bayani nake zubawa, ina jin kaina wani abu.

Aka kira Malam ofis. Bai jima da tafiya ba sai ga Alhaji da 'yan rakiyarsa. Shi ne shugaban ƙungiyar iyaye, babban mai sayen auduga, motocinsa ne suka kwaso simintin ɗakin taronmu. Ya dubi kwalin a sheƙe.

"Wannan ai na jama'a ne. Ina wurin da Turawa ke leƙawa?"

"Ranka ya daɗe, ba a leƙawa. Tana ƙona ido."

"Kai, na ga irin wannan a Makka tun kana wasan ƙasa. Matsa."

'Yan rakiya suka yi dariya. Ya tattare hannun riga, ya rufe ido ɗaya, ya sunkuya. Tsakanin idonsa da gilashin bai kai taƙi ba. Ban yi shawara da kowa ba, na sa hannu biyu na angaje shi. Bai faɗi ba, amma hularsa ta faɗi, ta yi ta gangarawa har gaban matan da suka zo taron. Saiƙonsa ya fito fili yana ƙyalli.

Don in wanke kaina, sai na tsinci busasshen kara na kanga a bakin gilashin. Kafin ka ce kwabo ya fara hayaƙi. Na ɗaga shi sama, ina jiran a ce sannu. Sai wani ɗan rakiya ya yi salati ya ce, "Ashe wuta ce ya girke wa Alhaji!" Laifi ya zama biyu.

A ofis shugaban makaranta ya ce, "Ba ka da bakin roƙonsa ne?"

"Na roƙe shi, ranka ya daɗe."

"Sai ka sake roƙo."

Na dubi Malam. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Cewa na yi ka hana, ban ce ka yi dambe ba." Ban riƙe shi a zuci ba sosai, 'ya'ya shida gare shi.

Washegari kawuna ya kai ni gidan Alhaji, muka durƙusa a zaure. Ya kalle ni da idanunsa biyu garau, ya ce, "Ba komai, na yafe." Bayan mako ɗaya aka sallame ni. Wani aka tura Zariya. Tun daga nan gyaran rediyo nake yi a bakin tasha. Alhaji kuwa ya tsufa yana karanta takardun awon audugarsa ba tabarau, kuma har ya rasu bai taɓa amsa gaisuwata ba.

Abin da na koya ke nan: a wurinmu, hular babba ta fi idonsa tsada. Da na ja da baya na bar shi ya leƙa, da an ce ƙaddara ce, a yi layi ana masa jaje, ni ma in bi layin.