Kafaɗar da mai ɗori ya ƙi ɗaurewa

Shekarar da aka datse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, a ƙarshen daminarta, kafaɗata ta hagu ta fara ciwo. Ban faɗi ba, ban kuma ɗauki wani kaya mai nauyi ba. Ni mutumin allo da alƙalami ne, gonata ma 'yar ƙarama ce a bayan Sheme, masara da ɗan wake.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ciwon ba ya zama wuri ɗaya da ni. Ina zaune ina rubutu, lafiya lau. In ɗaga hannu har kunne in yi kabbara, ba na jin komai. Amma da na kama hanyar gona na fara hawan tudun da ke gaban rafi, sai wani nauyi ya sauko mini a kafaɗa, ya bi hannun, zufa ta karyo. In tsaya kamar mai duba shuka, sai ya wuce.

Kowa da abin da ya gani. Mai ɗakina ta ce sanyi ne, ta gasa mini da ruwan zafi. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa ƙaho uku. Ladaninmu ya ce kwanciya a kan hannu ce. Ni ma na yi wa kaina rubutu na sha. Kuma duk wanda na gwada sai in ga kamar ya yi, domin bayan kowane magani nakan kwana biyu a gida, shi kuwa ciwon ba ya zuwa wa na zaune. Lokacin ban lura da haka ba. Akwai 'yar ƙanwata, ma'aikaciyar jinya ce a Ƙanƙara, amma waya ta zama dutse a aljihu.

Daga ƙarshe aka raka ni wurin wani tsohon mai ɗori a gefen Tafoki. Bamaguje ne, ɗori gadon gidansu ne, har daga Sabuwa ake kawo masa karaya. Na ajiye goro a gabansa kamar yadda ake yi.

Ya ce, "Malam, ina ka faɗi?"

"Ban faɗi ba, Baba."

Ya kama hannun ya ɗaga, ya juya shi baya, ya danna nan ya danna can. Ko'ina na ce masa babu zafi.

"To ina ciwon?"

"Yanzu dai ba ya nan."

"Gida ka baro shi ke nan? Da ka aiko shi, kai ka huta."

Masu jiran layi suka yi dariya. Na daure na ba shi labarin tudu da zufa. Sai na ga dariyar ta bar fuskarsa. Ya saki hannuna.

"Wanga ba nawa ba ne. Ƙashi in ya ɓaci, shina nan duk sa'ad da ka taɓa shi. Tafi asibiti su duba ƙirjinka, kada ka kai Juma'a." Ya turo mini gorona.

A wurinmu mai ɗori ba ya sallamar mutum haka. Ko ba karaya, yakan shafa wani abu ya ɗaura ɗan ƙyalle, don ran mutum ya kwanta. Mayar da goro kuwa kamar kora ce. Duk hanya ina juya abin. Mene ne haɗin ƙirji da kafaɗa? Sai Shaiɗan ya ba ni amsa: wai ya ƙi ni ne don ni malami ne, mu da muke wa'azi a kan al'adunsu. Bayan la'asar na faɗi haka a majalisa. Allah Ya yafe mini.

Juma'a ta wuce, wata ma ta wuce. Ranar da muke karyar masara ciwon ya zo, na tsaya, bai tafi ba. Na zauna, bai tafi ba. Nauyin ya koma ƙirji kamar an aza mini buhu. Maƙwabcin gonata ya nemo mota aka kai ni Ƙanƙara.

'Yar ƙanwata na ganina ta ce, "Kawu, wata nawa?" Na ce biyu. Ta kama baki.

Likita ya ɗora abin awonsa a ƙirjina. Na ce, "Likita, kafaɗa ce fa." Ya ce ya ji. Ya ce zuciya ce jini ba ya isarta sosai, wani lokaci kuma a kafaɗa ko hannu ko muƙamuƙi take kukanta. Ciwon kafaɗar da ke zuwa da tafiya, da zufa ko ƙarancin numfashi, ba a kwana da shi. Haka wanda ya zo da kumburi ko zazzaɓi, ko hannu ya ƙi ɗaguwa. Suka tura ni Katsina, na yi kwanaki, aka ɗora ni a kan ƙwayoyin da nake sha har yau. Yadda zuciya ke ciwo kafaɗa ta ɗauka, har yanzu ban gane ba. Allah ne masani.

Da na sami ƙarfi na ɗauki ladan da mutum biyu cikin waɗanda suka ji maganata, muka tafi Tafoki.

Na ce, "Baba, na faɗi magana a kanka wadda ba gaskiya ba."

"Na ji ta. Har Sabuwa ta riga ni zuwa."

"Ka yafe mini."

Ya ce yana yaro, babansa ya taɓa ɗaure wa wani irin wannan kafaɗa don kunya, mutumin ya tafi da murna, bayan kwana uku aka tsinci gawarsa a kunyar dawa. Tun daga ranar gidansu ba sa ɗaure ciwon da ba su taɓa da hannu ba.

"Na yafe, Malam. Ku shaida," ya ce da mutanena. Sannan ya juya ga wata mata da ta kawo akuya mai karyayyar ƙafa.